Mu ne muke zaunar da tsofaffinmu

Maƙwabcina a nan Liyon, a Faransa, tsoho ne ɗan shekara 76. Da sanyin bana motar asibiti ta zo da asuba ta ɗauke shi. Gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa, likitoci suka zura ɗan bututun ƙarfe suka buɗe ta. Na ce shi ke nan, sai kwanciya.

Bayan sati shida sai ga shi a bakin kogin Ron, da sanduna biyu, matsattsen wando, da agogo mai ƙirga bugun zuciya, yana tafe yana haki. Na ce ya bi a hankali. Ya yi dariya, wai likita ne ya sa shi. Sau uku a mako yake zuwa asibiti ya taka keken da ba ya zuwa ko'ina, wayoyi manne a ƙirjinsa, ma'aikaciyar jinya na duban allo.

Abin ya tsaya mini a rai. Da Baffana ya yi irin wannan ciwon a Garwa, tabarma muka shimfiɗa masa a zaure, ko buta ba ma bari ya ɗauka. "Baffa, huta, ga yara." Ladabi ne, na sani, kuma ba Bature zai koya mana girmama na gaba ba, shi da ɗansa sai Kirsimeti yake leƙo shi. Wa ma zai tura dattijo yawo a zafin Afrilu?

Amma a nan sun fi mu gaskiya. Tun 1953 likita Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas mai bene na Landan, masu hawa da sauka a matakala duk yini, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, har ga wanda ya haura 65. Minti 150! Kakanmu kafin Talata ya cinye su, tsakanin gona, kasuwa da masallaci.

Ni ne ma bara na aika kuɗi aka saya wa ƙanena babur don ya riƙa kai Baba Juma'a, har ina alfahari. Jiya na kira Baba na ce ya riƙa ɗan takawa bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ka zo mu taka tare mana." Shekara huɗu rabona da gida.