Ni da dodon koɗin Manchesta

Jama'a na dawo. Masu ta aiko min saƙo wai Malam ko ka samu takardar zama ne ka maƙale, to ga ni a Kano sati biyu kenan, har baƙina ya dawo. Wata biyar muka yi ni da Hajiya wajen 'yarmu a Manchesta, ita Hajiya jego ne ya kai ta, ni kuma ɗan riƙe jaka. Alhamdu lillahi an samu namiji, uwa da ɗa lafiya lau, an yi suna a falo mu goma sha biyu, ragon ma ba mu gan shi da rai ba, waya aka yi wa mahauci ya aiko shi a kwali. Labarin lambu nake so in ba ku, gara ku ji daga bakina kafin Hajiya ta gama zaga gidajen biki da nata.

Kun san ni ɗan Kura ne, tun ina sakandare nake bin babanmu noman rani a Kadawa, tumatir, albasa, alkama, na sha rakiyar kwanduna Kwanar Gafan, kuma shekara 35 da na yi ina riƙe alli ba ta cire min ƙasa daga farce ba. To da yarinyar nan ta ce min a waya wai bayan gidansu akwai fili amma ciyawa ce kawai, mijin yana aske ta duk sati biyu ya zuba a bola mota ta zo ta kwashe, sai na ji abin ya tsaya min a wuya. Ciyawa ɗanya shar, ba akuya ba tunkiya, kuma kuna sayen kuɓewa ƙulli ɗaya fam biyu? Fam ɗaya fa a lokacin kusan naira dubu biyu ne. Na ce ki bari in zo, zan nuna wa Turawan unguwarku yadda ake noma. A gaban Hajiya na faɗa, kuskurena na farko kenan.

Na ƙulle iri kala shida a leda, kuɓewa, rama, yakuwa, alayyahu, attaruhu da zogale, na cusa a cikin safa. Na kuma sayo kilishi mai kyau na naɗe a babbar riga duk da yarinyar ta ja kunnena sau uku cewa nama ba ya shiga. Muna sauka muna jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, ya wuce akwatin kowa ya zo gaban nawa ya zauna kamar ya zo gaisuwa. Ma'aikacin ya buɗe, ya ɗaga kilishin, ya yi min bayani a tsanake cewa nama da madara daga ƙasashenmu ba sa shiga, iri kuma sai da takardar shedar lafiyar tsiro. Yana ta ba ni haƙuri yana jefawa a kwandon shara, wallahi ban taɓa ganin wanda ya yi min asara da ladabi irin nasa ba. Hajiya ba ta ce komai ba, gyara mayafi kawai ta yi, ni na san me gyaran yake nufi.

Ban karaya ba. Surukina ya kai ni shagunan 'yan Pakistan da na 'yan Afirka a Cheetham Hill muka samo irin alayyahu, attaruhu na ɓare na kicin na shanya 'ya'yan a kan hita, kuɓewa da zogale kuma ta intanet aka sayo, ƙwaya goma sha a 'yar takarda mai hoto. Da na ce zan tone ciyawar sai ya sunkuyar da kai ya ce "Baba gidan haya ne fa, amma duk yadda ka gani." Yaron kirki, kunya ta hana shi cewa a'a, ni kuma na yi kamar ban ji rabin farkon ba. Ba fartanya a garin nan kaf, da shebur na kama aiki, ƙasar laka ce mai danƙo da sanyi kamar an ciro ta daga firij.

Ina cikin haƙa sai ga kai ya leƙo ta saman katangar katako, wani tsohon Bature maƙwabcinsu, zai yi tamanin. Ya tambayi me zan shuka, na lissafa mishi. Ya yi shiru ya kalli sama, ya ce a nan ba a fitar da irin waɗannan waje sai ƙarshen Mayu, kuɓewa kuwa ko a tsakiyar zafinsu sai a ɗakin gilashi. Lokacin tsakiyar Afrilu ne, kuma an jera sati ana rana, har Turawa sun fara fitowa da gajeren wando. Na yi mishi godiya, a raina na ce tsoho kai dai ka ji da furanninka.

Na yi reno a bakin taga, a robobin yogot, suka tsiro gwanin sha'awa, farkon Mayu na dasa su waje layi-layi har da kunya irin ta gida. Kwana huɗu. Ranar na biyar na idar da Asuba na leƙa sai na ga ciyawa ta yi fari fat, raɓa ce ta daskare a kanta. Kafin hantsi kuɓewata ta kwanta kamar an tafasa ta za a yi kwaɗo. Tsohon ya leƙo, ya kalla, ya ce min "yau da ɗan sanyi ko?" ya koma ciki. Gara ma da ya zage ni.

Bayan kwana biyu na sauke girman kai na ƙwanƙwasa mishi ƙofa. Ashe mutumin manomi ne na gaske, yana da 'yar gona a irin filayen da hukumar gari ke yankawa tana ba mutane haya shekara-shekara, wai sai ka rubuta suna ka yi shekaru a layi kafin ka samu. Ya kai ni na gani, ba ta fi tsakar gidana ba amma dankali, albasa, wake, kabeji, ko taku ɗaya bai bari ba. Ya ba ni dashen wata kabewarsu doguwa mai kama da kokwamba, ya karɓi kuɓewa tukunya biyu ya ce zai riƙe min a ɗakin gilashinsa. Daga nan muka wuce shagon kayan lambu, inda na ga abin da har yau ban gama haɗiyewa ba, ƙasa ake sayarwa a buhu, kashin kaji kuma a bokiti mai murfi da hoton kaza tana murmushi. Na tuna wanda Hajiya ke biyan almajirai su kwashe mata a bayan gida. Na saya dai.

Zagaye na biyu ya kama sosai, farkon Yuni alayyahu ya yi ganye huɗu-huɗu, na ɗau hoto na tura gurup ɗin gidanmu har da rubuta "ɗan Kura a Turai". Washegari ba ganye ko ɗaya. Kara kawai a tsaye, sai wani farin yauƙi mai ƙyalli da ya ratsa kunyoyin. Na fara zargin kurege don suna da su manya-manya masu tonon tukwane, na zargi tantabarun dajinsu masu girman kaza, sai tsohon ya ɗaga wani katako ya nuna min. Dodon koɗi ne, amma tsirara, ba gida a bayansa, wani baƙi wani ruwan ƙasa, wasu sun kai ɗan yatsana. Da rana ba ka ganin ko ɗaya, dare na yi kuma in an ɗan yi yayyafi, kuma garin nan kullum cikin yayyafi yake, sai su fito kamar an buga musu gangi.

Nan yaƙi ya fara. Dama ba barcin kirki nake ba, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta wuce, Isha'i wajen sha ɗaya, kafin ka juya an kira Asuba. Sai na mai da tsakanin lokacin sintiri, jallabiya, rigar sanyin surukina, hular sanyi, tocila a baki, bokitin ruwan gishiri a hannu. Daren farko 63 na tsince, na ƙirga. Na biyu 70 da wani abu. Aka ce ɓawon ƙwai yana hana su wucewa, na sa dokar ƙwai a gidan safe da dare har mai jego ta ce "Baba don Allah a tausaya mana", na daddaka ɓawon na zagaye kowane tsiro, da dare na haska na ga wani ƙato yana tafiya a kai hankali kwance kamar a kan darduma.

Ashe kuma akwai munafuki a cikin gida. Amaryata, jikata 'yar shekara huɗu, ta ga ina jefa su a gishiri ta fasa kuka wai Kaka mugu ne, a makaranta an ce musu a ji tausayin ƙananan halittu. Na ce to amarya kishiyoyinki ne, ki zaɓa ko ni ko su. Ta zaɓe su. Sai daga baya uwar ta gano tana tsince su da safe a robar bota ta ɓoye, da yamma ta saki kayanta a gindin alayyahu don su ci abinci.

Abin da Hajiya ke yawo da shi kuwa ranar wata Asabar ya faru. Na kai wa tsohon ƙara, ya ce ai maganinsu giya, a binne kofi a ƙasa a zuba, ƙamshin ke jawo su su faɗa su nutse. Na ce mishi ni Musulmi ne ba na taɓa ta, ya ce ya gane, ba komai. Ashe abin da ya gane shi ne ba zan iya saya ba. Ranar Asabar ɗin wasu 'yan uwa Hausawa mazauna garin su huɗu suka zo yi mana barka, har da wani dattijo da ke ja musu sallah, na fito tarbarsu bakin ƙofa da babbar riga, daidai lokacin tsohon nan ya ɓullo da fara'arsa ya danƙa min gwangwani huɗu a hannu ya ce ga na daren yau, in sun ƙare in yi magana akwai wasu. Jama'a na tsaya riƙe da su kamar an dasa ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne "na dodon koɗi ne." Liman ya kalle ni, ya kalli gwangwanayen, ya ce "to Malam, Allah ya shirye su." Har suka tafi ba wanda ya sake tada zancen, abin da ya fi damuna kenan, kuma na lura ɗaya daga cikinsu sai da ya shinshina zoɓon da aka kawo musu.

Na mai da wa tsohon kayansa. Yarinyar ta duba a waya ta ce yis da sukari da ruwa ma suna yi, na ɗebi yis ɗin fanken Hajiya na kaɗa na binne kofuna shida, kuma ya yi aiki, da safe kowane kofi cike. Ina murna Hajiya ta leƙo ta taga ta ce "Malam, da na kanti aka ba ka ka ƙi, yanzu kai da kanka kake dafa musu burkutu."

Girbi dai an yi. Alayyahu ya ba mu miya uku. Attaruhu ya yi fure muka baro shi yana shawara. Rama da yakuwa dama tun a filin jirgi aka yi musu jana'iza. Kabewar tsohon ce ta haukace, kullum sai an tsinko biyu, muka yi taushe da ita, muka soya, muka sa a dafa-duka, har surukina ya fara cewa ya ci abinci a wajen aiki. Kuɓewa kuwa a watan Agusta tsohon ya kawo min ita a faranti da hannu biyu, guda uku cif. Hajiya ta ɗauko biro ta haɗa kuɗin ƙasa, taki, iri, ƙwai da ciyawar da surukina zai sake shimfiɗa wa mai gida, ta raba uku, ta ce a duniya ba wanda ya taɓa cin kuɓewa mai tsadar wannan. Ban bari ta faɗi adadin ba. An yanka ta a miya, mu biyar, ni na samu zagaye biyu.

Na dawo na tarar lambun gida da na bar wa ɗan ƙanena ya zama daji, rama ta fi katanga tsawo, awakin maƙwabta sun yi wa zogalena aski har inda wuyansu ya kai. Yanzu shirin da nake, da zarar ruwa ya ɗauke zan sa waya in kewaye, in yi bedi huɗu, salak da karas da kabeji su ci sanyin hunturu, albasa a gefe. Dankali zan gwada a buhu yadda na ga tsohon yana yi, ana ƙara ƙasa yana tsawo, ɓawon kayan miya kuma na hana a zubar, rami na tona mishi a lungu. Tsohon ya so ya ba ni irin kabewarsa in taho da shi, Hajiya ta gyara mayafi, na ce mishi na gode.

Jiya suka kira ta bidiyo. Zogale ɗaya da na bari a tukunya a bakin taga yana nan da ransa, tsohon yana gaishe ni wai in zan dawo in zo ƙarshen Mayu. Sai amaryata ta ƙwace wayar ta kawo robar botarta daf da kyamara, guda biyar a ciki a kan ganyen salak, duk ta raɗa musu suna. Ta nuna babban, mai ƙibar, wanda ba ya motsi sai ci, ta ce wannan sunansa Kaka. Hajiya sai da wayar ta suɓuce mata.