Cocin da ke buɗe wa mai keke ƙofa

A Amurka akwai wata doguwar hanya ta masu keke da ake kira TransAmerica. Ta tashi daga garin Astoria na jihar Oregon, a gaɓar tekun Fasifik, ta dire a Yorktown cikin jihar Virginia, tafiyar kusan kilomita 6,800, ta ratsa jihohi goma. An buɗe ta a 1976, shekarar da ƙasar ta cika shekara 200 da samun 'yanci. Mutum wajen 4,000 ne suka hau keke a wannan karon, kusan rabinsu suka kai ta ƙarshe. Har gobe ana bin ta, kuma yawanci sai mutum ya share kamar wata uku yana murza feda. Tantinsa, abin shimfiɗarsa, ɗan risho, famfo da kayan faci duk suna ɗaure a jikin keken. A Colorado zai hau dutsen da ya kai mita 3,500. A Kansas iska za ta tokare masa ƙirji yini guda. A Kentucky karnuka za su biyo shi.

Ba ƙarfin ƙafar matafiyan ne ya sa nake wannan rubutu ba. Mutanen bakin hanya ne suka tsaya mini a rai.

Akwai wata mata mai suna June Curry a ƙauyen Afton na Virginia. Gidansu yana kan wani mugun hawa na duwatsun Blue Ridge. A 1976 ɗin ta riƙa ganin masu keke suna isowa a galabaice, ƙishirwa ta ci ƙarfinsu, babu shagon da za su sayi wani abu. Ita da mahaifinta suka jawo musu tiyon ruwa. Daga ruwa sai ta fara toya musu biskit, daga nan ta ba su gidan kwana. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru har ta rasu a 2012, dubban mutane sun sha ruwanta. Ƙungiyar Adventure Cycling, wadda ke kula da taswirar hanyar, ta sa sunanta a kan lambar yabon da take bai wa masu taimakon matafiya. Duk lokacin da na tuna wannan mata sai maganar Ubangijinmu a Matiyu 10:42 ta faɗo mini, cewa wanda ya ba da ko da kofin ruwan sanyi ne ba zai rasa ladansa ba.

Sai kuma majami'u. A ɗan garin Sebree na Kentucky, cocin Baftis ya daɗe yana saukar da masu keke: wurin kwana, wurin wanka, ɗakin girki, sau da yawa har da abincin dare. Akwai irinsa da dama a kan hanyar. Wasu garuruwan Kansas kuma suna barin matafiyi ya kafa tanti a filin shaƙatawar gari ba ko sisi. Waɗanda ke kwana a cocin nan ba duka ne Kirista ba. Akwai masu wani addinin, akwai waɗanda ba su yarda da Allah ba sam. Ana dai buɗe musu.

'Yan'uwa, a wurina wannan wa'azi ne cikakke. Mai keke baƙon dare ɗaya ne. Da asuba zai naɗe kayansa ya wuce, ba zai zama ɗan ikilisiyarku ba, ba zai sa baiko ranar Lahadi ba, ba za ku sake ganinsa ba wataƙila har abada. To ai irin wannan mutumin Yesu ya ce a kira cin abinci a Luka 14, wanda ba shi da hanyar ramawa. Mu kuwa mun fi sakin hannu inda za a ambaci sunanmu a gaban taro, ko inda muke sa ran biki zai zagayo kanmu. Alherin da babu mai gani, babu mai ramawa, shi ne yake nuna abin da ke cikin zuciya. Kuma ina roƙon kada mu mai da kwanon abinci tarko. Wanda ya iso da yunwa a ba shi ya ci, ya yi wanka, ya huta. In ya tambayi dalilin da ya sa kuka karɓe shi, ku gaya masa da farin ciki. In bai tambaya ba, ku yi masa addu'ar sauka lafiya.

Shi ma matafiyin akwai abin da hanya ke koya masa, wanda da wuya mai mota ya koya. Mai mota yana rufe gilashi ya wuce gari. Mai keke dole ya tsaya ya roƙi ruwa, ya tambayi inda zai kafa tanti, ya ci abin da aka ajiye masa. Girman kai ba ya daɗewa a kan sirdin keke. Sa'ad da Yesu ya aiki almajiransa ya hana su ɗaukar jaka, ya ce su ci abin da aka ba su a gidan da suka sauka. Karɓa ma ibada ce, musamman in hannun da ya miƙo maka ba na mai addininka ba ne. Mu tuna wanda ya tsaya wa mutumin da 'yan fashi suka jikkata a hanyar Yariko Basamariye ne, bare, wanda ba a ko gaisawa da shi.

Ba a Amurka kaɗai ake wannan ba. A 2023 wani matashi Musulmi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke zai tafi karatu jami'ar Azhar ta Masar. Ya bi ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, aka tsare shi a wasu wuraren, ya kwana a daji. Da ya isa Chadi mutanen da ba su san shi ba suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Ta ƙasashenmu ya wuce, ta ƙofofinmu.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: zamani ya lalace. Masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto sun sa kowa yana tsoron baƙuwar fuska, akwai ikilisiyoyin da suka binne 'ya'yansu. Ba zan ce wa kowa ya yi sakaci ba. Amma tsaro da rufe ƙofa gaba ɗaya ba abu ɗaya ba ne. Coci nawa ne a garuruwanmu na bakin titi ke da ajin makarantar Lahadi da ke kulle daga Litinin zuwa Asabar? A ware ɗaya, a sa tabarma da randar ruwa. Baƙo ya iso, a kai shi wurin mai unguwa, a sanar da 'yan sintiri, a rubuta sunansa da inda ya dosa, dattijo ɗaya ya ɗauki nauyin lura da shi, zumuntar mata su riƙa karɓa-karɓa wajen tuwon dare. Wannan magana ce da kowane ɗayanmu zai iya kai wa taron dattawan cocinsu na wannan watan.