Megafiksel 48 da kifin Matan Fada

Da doki aka fara. Ranar hawan sallah a Birnin Kebbi na tsaya bayan jama'a, na ɗaga waya sama, na sa yatsu biyu na ware allon don in jawo mahaya kusa, na ɗauki hoton da nake ganin ko a kalanda aka sa shi ba zai ba ni kunya ba. Da na dawo gida na miƙa wa uwargida. Ta juya wayar sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta ce, "Malam, wagga akuya ta wa ta?" Dokin hakimi ne fa, da jalala da komai.

A daren na ƙudurta sai na sayi kyamara ta gaske, irin 'yar ƙaramar nan ta aljihu da ake saitawa a danna kawai. Dalili ma ya samu har biyu. Ƙanwar uwargida ta kusa haihuwa, kuma an yi shelar za a dawo da bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba.

Ƙanina da ke karatun kwamfuta a poli ya zaunar da ni ya yi mini huɗuba. Ya ce in duba zum ɗin, wato abin jawo nesa kusa, na gilashi ne wanda idon kyamarar ke fitowa waje yana komawa, ko na dijital ne. Ya ce in tambayi irin batir. Ya ce kada in baro shago ba da katin ajiya ba. Har a takarda ya rubuta mini. Na karɓa na ninke na sa a aljihu, ina cewa a raina yaron da na goya a baya ne yau zai koya mini cefane. Takardar da ita aka wanke rigar.

Mai shago ya jera mini guda uku a kan gilashi. Ta farko Canon IXUS, siririya kamar sabulu, megafiksel 20, wato ɗigon hoto miliyan 20, zum na gilashi ninki 8. Ta biyu Nikon Coolpix, mai ɗan kumburi a gefe ɗaya saboda batir biyu irin na tocila take ci, megafiksel 16, zum ninki 5. Ta uku tana cikin kwali mai walƙiya, sunanta ko mai shagon bai iya furta shi ba, amma an rubuta mata da manyan lambobi: megafiksel 48, zum ninki 16. Kuɗinta bai kai rabin na sauran ba.

To ni malamin lissafi ne a firamare. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa bakin kada yana buɗewa ne wajen lambar da ta fi girma. Ina za a haɗa 48 da 16? Na ɗora yatsa a kan kwalin.

Mai shago, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙarinsa. Ya ce, "Malam, wagga ta wasan yara ta. In don gida kaka so, ɗauki mai batir ɗin tocila." Na yi murmushin wanda ya gano dabarar ɗan kasuwa. Na ce a raina so yake ya tura mini mai tsada. Na biya, har da neman ragi, na fito ina tafiya kamar wanda ya sayi rago a kuɗin zakara. Yana kirana daga baya yana cewa wani abu game da kati, na ɗaga masa hannu ba tare da na waiwaya ba.

Ranar suna na riga wanzami isa. Mai hoton unguwa ya iso da jakarsa, na tare shi a ƙofar zaure na ce ya huta, bana akwai na gida. Ya dubi abin da ke rataye a wuyana, bai ce komai ba, ya hau mashin ɗinsa. Da na san ma'anar shirun nan da na riƙe masa kariyar mashin.

Na ɗauki liman yana raɗa suna. Na ɗauki rago kafin yanka da bayan yanka. Na ɗauki aski. Maroƙa ma da suka ga hasken filasha suka juyo da kirari kaina, sai da na yi musu kari da kuɗin man mashin ɗina. Kowane danni kyamara ta yi ƙyas, haske ya watsu, hoton ya tsaya a allo na ɗan lokaci. Akwai wani jan rubutu na Turanci da ke ƙiftawa a kusurwa tun safe, na ɗauka sunan kamfanin ne yake tallan kansa.

Sai aka aiko daga cikin gida cewa Inna tana son nata. Inna surukata ce. Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa haɗa ido da ita ba, gaisuwarmu daga durƙushe ne, ni ina kallon ƙasa ita tana kallon bango. Ranar nan saboda hoto aka ɗage dokar. Ta sa leshi, ta rungumi jinjiri, na ɗauka. Ta shiga ɗaki ta sauya atamfa, na ɗauka. Ta ce a jira, ta ɗauko mayafin da ta zo da shi daga Makka, na ɗauka har sau huɗu, ina ma ba ta umarni, "Inna, a ɗan ɗaga haɓa." Ni ne nake ce wa Inna ta ɗaga haɓa.

Bayan isha'i muka taru a tsakar gida don kallo. Na danna madannin duba hotuna. Allo baƙi. Na sake dannawa. Baƙi, sai jan rubutun nan. Ƙanina ya karɓa, ya buɗe wata 'yar ƙofa a gindin kyamarar, ya leƙa, ya nuna mini rami fayau. Ya ce rubutun da ke ƙiftawa tun safe cewa yake babu kati. Wato yini guda ina haska wa mutane fuska ne kawai, kamar mai neman ɓarawo da tocila. Kyamarar tana nuna hoton, ba ta da inda za ta ajiye shi, sai ta zubar.

Washegari Inna ta aiko a tambayi hotonta. Na ce a gaya mata yana wurin wanki.

Na koma kasuwa, ta wata ƙofa dabam don kada mai shagon ya gan ni, na sayi kati mai gigabait 16. Na fara atisaye da yara. Da daddare duk wanda na ɗauka sai idonsa ya fito ja wur, har auta ta ga nata ta fashe da kuka wai aljani ya shige ta. Ƙanina ya ce hasken filasha ne ke shiga ido ya bugi jijiyoyin jini na can ciki ya dawo, saboda fitilar tana dab da idon kyamarar. Na gwada saitin nan da ke ba mutum daƙiƙa 10 ya ruga ya shiga hoto. Na kifa turmi na ɗora ta, na jera iyali, na danna na zabura. Babbar riga ta harɗe ni. Hoton yana nan har yau: uwargida da yara huɗu suna dariya baki buɗe, a gaba kuma tafin ƙafata.

Duk da haka ban sare ba, don Argungu nake hari. Ranar kamun kifin muka yi sammako. A cikin mota na riƙa nuna wa fasinjoji kyamara, ina kunnawa ina kashewa, ina ɗaukar gonakin shinkafa ta taga. Wani dattijo ya tambayi ƙarfinta, na ce 48. Ya ce 48 na mi? Na ce na ƙarfi dai.

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ranar nan ba, ba zai gane ba ko an ba shi labari. Tun 1934 ake wannan biki, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka rufe babin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Dubban masunta sun yi sahu nesa da gaɓa, kowa da homarsa da ƙaton gora. Ana harba bindiga ƙasa ta ɗauki rawa, ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwan ya koma kawunan mutane da goruna, makaɗa na bi cikin kwalekwale.

Ni kuwa ina can baya, tsakanin mai rake da wani dogo mai malafa. Na ce yau ranar zum ce. Na danna har ya kai 16. Abin da na gani a allo wasu 'yan murabba'ai ne masu ruwan ƙasa suna motsi, kamar an zuba dakakken ƙuli-ƙuli a faranti. Can wani ya ɗago kifi ya rungume, jama'a suka ɗau sowa, na danna. Kyamara ta tsaya tana tunani. Sai da ta gama shawara da kanta ta yi ƙyas, lokacin mai kifi ya nutse, dogo mai malafa ya gyara tsayuwa. Na samu malafa guda goma sha uku a ranar, kowace da irin karkatarta.

Ana fara jan manyan giwan ruwa zuwa wurin awo, hoton batir a allo ya yi ja, ya ƙifta sau biyu, kyamara ta mutu. Gonakin shinkafa da fasinjoji sun cinye cajin, ga filasha da na bari a kunne cikin tsakar rana. Batirinta na caji ne, a bakin kogi kuwa ba soket.

Kusa da ni wani bawan Allah tasa ma ta mutu. Bai ko yamutsa fuska ba. Ya laluba aljihu ya fito da batir biyu irin na tocila, ya zare tsofaffin ya zura sababbi, ya ci gaba. Na leƙa. Irin wadda mai shago ya ce in ɗauka ce sak. Da aka ɗaga kifin da ya ci gasa, mai nauyin kilo 78, ya ɗauka ya nuna mini. Har ɓawon jikin kifin ana iya ƙirgawa. Ya ce, "Taka nawa ta?" Na ce aro na yi.

A gida ƙanina ya kalli malafuna ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, kafaɗarsa kawai ke rawa. Ya ce ɗan farantin da ke kama haske a cikin kyamarata ƙarami ne ƙwarai, na'urar ce ke hura hoton ta cika shi da ɗigon ƙarya har lissafi ya kai 48. Uwargida daga madafa ta ce, "Kamar kunun gidan biki ke nan, a ƙara ruwa a ce ya ishi kowa." Ya ce zum na dijital kuma yanko tsakiyar hoto yake ya miƙe shi, abin da wayata ta yi wa dokin hakimi ke nan, wato kuɗi na sa na sayo akuya ta biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce hoton da ake wankewa a sa a albam, mai inci 6 da 4, megafiksel biyu da 'yan kai sun ishe shi. Sannan ya nuna mini cewa madannin hawa biyu gare shi: a taɓa rabi kyamara ta daidaita gani, sai a ƙarasa. Ni kuwa danna shi nake kamar ina kashe kyankyaso.

Na koma wurin mai shago, wannan karon ta ƙofar gaba. Ya ce, "Malam, an dawo?" Na ce an dawo. Bai ƙara ko kalma ba, ya karɓi mai 48 a rabin kuɗinta, na yi ciko na ɗauki mai batir ɗin tocila. Da kansa ya zura mata katin yana kallona.

Mako bai zagayo da kyau ba korona ta sa aka rufe makarantu aka taƙaita taro. Ga kyamara mai kyau, ba biki ba suna. Watanni na yi ina ɗaukar kaji. 'Yata mai shekara tara ta karɓa ta gwada sau ɗaya, nata ya fi nawa, daga nan aka mayar da ni mai sayen batir.

Inna kuwa ba ta manta ba. Duk wanda zai zo daga gidan sai ya zo da saƙo, ana gaishe ka, an ce ko an gama wankin. Yaron ya yi zama, ya yi rarrafe, ya fara tafiya, hoto na wurin wanki. Ranar da ta gaji ta sa aka kira ni. Na durƙusa ina kallon ƙasa. Ta ce wa bango, "A hwaɗa mai tun daren suna ɗiyarshi ta ba ni labari. Ni dai hotona nika so."

Aka ɗauko leshin, aka ɗauko mayafin Makka. Mai sunan ya ƙi zama a cinya, ya zille ya bi akuya. Sai aka aika maƙwabta aka aro jinjirin da bai yi arba'in ba, aka naɗe shi a tawul. 'Yata ta ɗauka, ni na riƙe labule. Hoton yana rataye a ɗakin Inna yanzu, cikin firam mai ruwan zinari. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ce tubarkalla, yaro kamar an tsaga kara da ubansa. Jinjirar mace ce.