Ɗan ƙaramin abin da ya kawo duniya ƙofar gidan kakana

Daren jiya a majalisarmu gardama ta kaure kan wace ƙirƙira ce ta fi girgiza duniya a ƙarnin da ya wuce. Wani ya ce saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, wani ya ce intanet, wani matashi kuma ya rantse babu kamar wayar da ke hannunsa. Da aka zo kaina na ce tiransista, ɗan ƙaramin abin nan da ke sarrafa wuta yana ƙara mata ƙarfi a cikin kayan lantarki. Aka kwashe da dariya, wai na tsufa da wuri. To ga hujjata, mai ja ya ja.

A watan Disamba na 1947, a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke New Jersey a Amurka, John Bardeen da Walter Brattain suka danna wasu siraran zinare biyu a kan ɗan guntun ma'adinin jamaniyom, sai ga 'yar wutar da suka saka ta fito da ƙarfinta a ninke, tiransista na farko ke nan. Shugabansu William Shockley ya ji zafin ba da shi aka yi ba, ya koma gefe ya fito da nasa samfurin da ya fi ƙarko. Su ukun aka haɗa aka ba kyautar Nobel a 1956, lokacin tuni zumunci ya yi tsami a tsakaninsu.

Kafin nan kayan lantarki da wasu kwalaben gilashi suke aiki, masu kama da ƙwan fitila. Ga zafi, ga shan wuta, ga saurin ƙonewa. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946 tana ɗauke da irinsu sama da 17,000, nauyinta kusan tan 30. Rediyo kuwa kayan ɗakin masu hali ne, in ka kunna sai ka jira ya ɗumama kafin ya yi magana.

Amma ni ba 1947 ce ta fi burge ni ba. Abin da ke ɗakin bincike bai dami manomi ba. Shekarar da nake cire wa hula ita ce 1954, da aka fitar da Regency TR-1, rediyon aljihu mai tiransista huɗu kacal, a kan dala 49.95. Da tsada, muryarsa ma ba wani daɗi. Sai Japanawa suka shigo, Sony ta fitar da nata a 1955, sauran kamfanoni suka bi sahu, farashi ya yi ta sauka har ya iso inda kuɗin gyaɗa zai iya saye. Ana cikin haka, ranar 13 ga Maris 1957, BBC ta fara magana da Hausa, da shirin minti 15. Akwati ya samu, harshe ya samu.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa shiga aji ba, garinmu kuma bai ga wutar lantarki ba sai bayan rasuwarsa. Amma yana da rediyo cikin rigar fata da dukawa suka ɗinka masa, eriyar ta karye an ɗaure da waya. In batir ya yi sanyi sai ya jera su a rana kan katanga, wai su farfaɗo. Bayan isha'i yakan zauna kan buzu yana murza gajeren zango a hankali, kunne manne da akwatin, har ƙugin ya lafa murya ta fito daga Landan ko Kaduna. Da safe shi ke yi wa 'yan kasuwa bayanin abin da ake ciki a Masar da Isra'ila, yana kiran sunayen shugabanni kamar maƙwabtansa. Jarida tana neman wanda ya iya karatu. Talabijin yana neman wuta. Wannan akwati batir kawai yake nema, shi ya sa makiyayi ya rataya shi a kafaɗa ya bi shanu da shi.

Shi kuma matashin mai waya, na ce masa abin da yake taƙama da shi ɗin tiransista ne cunkushe a ciki, biliyoyi, a kan ɗan falle da bai wuce farcen yatsa ba. Ya juya wayar yana kallon bayanta, ya ce, "Kawu, ni dai ban ga komai ba."

Rediyon kakan yana nan a ɗakina. Fatar ta tsage, amma ranar Juma'ar da ta wuce na saka masa sabon batir, ya kama Kaduna.