Yaron da ya juya mana baya

Duk lokacin da na ji wani yana cewa zane da barkwanci ɓata lokaci ne ga mutanen da ake rushe wa gidaje, sai Handala ya faɗo mini a rai. Yaro ne ɗan shekara goma, ƙafa ba takalmi, riga duk faci, wanda Naji al-Ali, mai zanen barkwanci Bafalasɗine, ya fara zanawa a wata jaridar Kuwait a 1969, daga baya kuma ya sa shi ya juya wa mai kallo baya, ya harɗe hannuwa a bayansa. Shi kansa mai zanen bai wuce wannan shekarun ba sa'ad da aka raba danginsa da ƙauyen Shajara na Falasɗinu a 1948, ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Ainul Hilwa a Lebanon, shi ya sa ya ƙudura cewa yaron ba zai girma ba sai ranar da ya koma gida.

Abin da ya fi kama ni shi ne alƙalamin Naji al-Ali bai tsaya kan sojan mamaya na Isra'ila ba. Shugabannin Larabawa masu cika baki, har da manyan Falasɗinawa, ya zana su da ƙaton tumbi, talaka kuma yana tsaye a rame, mutane suka yi ta dariya mai ciwo domin sun gane kowa. A Yulin 1987 aka harbe Naji al-Ali a kan titi a Landan, ya rasu a watan Agusta, kuma har yau ba a hukunta wanda ya harbe shi ba. Da a ce zanen wasa ne, wa zai bi mutum da bindiga har Ingila?

Haka ma zancen kankana. Bayan yaƙin 1967 Isra'ila ta haramta ɗaga tutar Falasɗinu, sannan a 1980 sojoji suka rufe wani baje kolin zane a Ramallah. Sliman Mansour, ɗaya daga cikin masu zanen, ya ba da labarin cewa an gargaɗe su kada su haɗa ja da kore da baƙi da fari, wato launukan tutar, ko da kankana suka zana. Gargaɗin nan ne ya zame musu makami, domin yankin kankana guda yana ɗauke da launukan nan huɗu cif.

Handala kuwa yana nan a jikin katangar da Isra'ila ta fara ginawa a Yammacin Kogin Jordan a 2002, shekarunsa goma har yanzu.