Brecht, matansa da jam'iyya

Yana damuna yadda ake yawan cewa Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo na Jamus, ya ƙare rayuwarsa a Berlin ta Gabas yana ɗan amshin shatan gwamnatin gurguzu, matan da ke kewaye da shi kuma 'yan rakiya ne kawai. Maganar tana da tushe: ya yi neman mata da aurensa, kuma a boren da ma'aikatan Jamus ta Gabas suka yi a 1953 ya rubuta wa shugabannin ƙasar wasiƙar goyon baya.

Sai dai matan abokan aikinsa ne. Elisabeth Hauptmann ce ta fassaro wasan Turancin da aka gina shahararren wasansa na 1928 a kai, matarsa Helene Weigel kuma ita ke riƙe da ƙungiyar wasansa. Jam'iyyar gurguzu kuwa bai taɓa yankar katinta ba. Har ya mutu a 1956, fasfon Austriya gare shi.