Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Wallahi abin nan ya ishe ni. A ƙasar nan da zarar mutum ya ga jini a bayan gida, an gama yanke hukunci: basir ne. Matarsa ta ce basir, abokan majalisa su ce basir, mai kemis ya ce basir, ga mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana zagaya kasuwa, yana zayyano alamomi kamar a cikinka ya kwana. Haka za a yi ta ɗirkar jiƙo wata da watanni, alhali wani sankarar babban hanji ce ke cinsa.

Haka aka yi da kawuna. Direban babbar mota ne, ƙaƙƙarfa, sai ga shi yana zubewa har ya ƙara huji a bel ɗinsa. Yau gudawa, gobe cikin ya cushe, ido ya yi fari fat. Da muka kai shi wani babban asibiti aka ce sai an zura na'ura mai kyamara an leƙa hanjin. Na'urar ta lalace, ku dawo. Muka dawo, mai aikin ba ya nan. Ƙarshe asibitin kuɗi aka nuna mana, sai da aka sayar da tumakin matarsa. Sakamako na fitowa, ciwo ya riga ya kai hanta. Likita ya dube mu ya ce, "Me ya hana ku kawo shi da wuri?" Haba likita, wa ya taɓa gaya mana akwai wani gwaji da mai lafiya yake yi?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ciwon nan ba farat ɗaya yake zuwa ba. Yawanci ɗan tsiro ne yake fitowa a bangon hanji, ya yi shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara. In an gan shi, a wajen leƙawar ake tsinke shi, mutum ya koma gida a ranar. Kafin a kai ga kyamara ma akwai gwaji mai sauƙi: ɗan bahaya kaɗan a kwalba, a duba ko akwai jinin da ido ba ya gani. A Ingila ta gidan waya ake aika wa masu shekara 50 zuwa 74 kayan gwajin nan duk shekara 2, kyauta. Amurka a 2021 ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45, don ciwon ya fara yawa a masu ƙarancin shekaru. Alƙalumansu sun nuna in aka kama shi bai bazu ba, kusan 9 cikin 10 suna wuce shekara 5 da rai. A duniya kuwa, a 2022 kaɗai ya kashe sama da mutum 900,000.

Mu fa? A Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Mu masu masaukin, kasafin tarayya har yau a wajen kashi 5 yake dabur-dabur. An yi dokar lafiya a 2014, an yi ta inshorar dole a 2022, amma sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun marar lafiya yake fita. Asusun tallafin masu sankara da aka fara a 2021 ma da ta mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato prostate, aka fara. Allah ya ba su lafiya, ba ƙyashi nake ba, amma mai ciwon hanji ɗan wace ƙasa ne?

Kada a ce min jama'a ne ke jin kunya. E, akwai kunya, dattijo ba zai so yarinya sa'ar 'yarsa ta tambaye shi kalar bahayarsa ba. To a sa maza su duba maza, mata su duba mata, a sa limamai da gidajen rediyo su yi bayani kamar yadda aka yi a kan shan inna. Ya kamata gwamnati ta kai gwajin bahaya kowane asibitin sha-ka-tafi, kyauta ga duk wanda ya kai 45. Wanda aka ga jini a nasa, ita za ta biya kuɗin kyamarar, don zalunci ne a ce wa talaka "akwai matsala" a sallame shi da takarda.

Ɗan majalisarku in ya zo rabon babura da kekunan ɗinki, ku karɓa, haƙƙinku ne. Amma kafin ya shiga mota ku tambaye shi na'urar leƙa hanji nawa ce ke aiki a asibitocin gwamnati na jiharku.